Ruwan Irin da Yabawa Ta Zubar

Yabawa na cikin wanke abin karo na uku sai wayar da ta ƙulle a bakin zane ta fara kuka. Ba ta yi gaggawar ɗauka ba. Ta ɗaga abin da hannu biyu ta sake duba shi a rana. Faffaɗa ne kamar ƙaramin faifai, fari-fari, ga santsi, yana rawa kamar gandar da ta sha wuta. A bayan ƙofar ɗakin ajiya ta same shi, yana yawo a saman wata ƙatuwar kwalba da aka ɗaure wa baki da ƙyalle. Ruwan ciki kalar shayi ne, amma da ta buɗe, tsamin da ya daki hancinta sai da ya sa ta ja da baya.

Kwananta tara ke nan a gidan ɗanta a Gure. Damina ce ta rushe mata ɗaki a Gamu, ɗan ya je da mota ya kwaso ta da akwatinta da ƙorenta, ya ce zaman ƙauye ya ƙare. Matar gidan, Nasira, 'yar Yamai ce, ungozoma a asibitin garin, takan fita da safe sai la'asar. Tsakaninsu babu komai sai gaisuwa, doguwa, tsaf-tsaf, wadda in ka leƙa cikinta ba za ka sami ko ƙwayar gero ba. Yabawa ba ta taɓa cewa uffan a kan tukwanen gidan ba, amma Allah ya hore mata wani irin kallon tukunya da mai tukunyar za ta ji har ƙashinta. Don haka da ta yi kiciɓis da ruɓaɓɓen shayi a ɓoye, ranta ya yi fari ƙal. Ta ƙudura za ta wanke kwalbar ta kife ta a tsakiyar tsakar gida, ta koma kan tabarma da carbinta, ba za ta ce komai ba.

Ta goge hannu ta danna wayar. Ɗanta ne, wanda duniya ke kira Fadilu, ita kuwa da yake ɗan fari ne ba ta kama sunansa, sai dai Ɗan Talata. Yana can Bune ana yi wa shanu allura.

"Inna, kun tashi lafiya? Ya gwiwar?"

"Gwiwa da sauƙi. Na ce ba, gandar nan da matarka ta manta a kwalba, ta miya ce ko in jefar?"

Ta jiyo kukan shanu ta cikin wayar, sannan ya yi tambaya.

"Wace kwalba, Inna?"

"Mai ƙyalle a baki."

"To ruwan fa?"

"Ruwan ya lalace. Na zubar a gindin dogon yaro."

Salatin da Ɗan Talata ya saki irin wanda ake yi ne in an aiko da rasuwa. Da ya gama, ya fara bayani da sauri yana haɗiye rabin kalmomi. Abin ba ganda ba ne, sunansa kombuca, kuma yana da rai, uwa suke ce mata. Ana dafa shayi da sukari, a bari ya huce, a sa ta a ciki, bayan kwana goma ya zama abin sha mai tsami. Amma uwar ita kaɗai ba ta isa ba. Dole a zuba tsohon ruwan a kan sabon, in ba haka ba funfuna ta riga tsami kamawa, komai ya mutu. Shekara uku Nasira na riƙe da ita. Ranar da suka taso daga Yamai, kwana biyu a mota, a kan cinya ta rungumo kwalbar, ko barcin kirki ba ta yi ba.

"Kamar nono dai, Inna," ya ce. "Ruwan nan iri ne."

Yabawa ta nemi bakin turmi ta zauna. Shekara arba'in tana kafa nono a Gamu. Duk matar da irinta ya mutu, ƙofar Yabawa take zuwa da ludayi a hannu. Ita ce ta taɓa yin wata guda ba ta yi wa ƙanwarta magana ba, don ta wanke mata ƙwaryar iri. Yau ga ta, da hannunta, da hankalinta, da furfurarta, ta ɗauki irin wata ta shayar da bishiya.

"A ina ake samunsa?"

"Sai Yamai. Can ɗin ma sai an san wanda ke da shi." Ya rage murya. "Inna, ki dafa shayi kawai ki zuba a kai. Kala ɗaya ce. Kafin ta gane an yi kwanaki, sai a ce zafi ne ya kashe ta."

"Ko kuwa kai ka kira ta ka gaya mata."

"Alo? Alo, Inna? Rezo ya ɗauke, ba na jin ki."

Muryarsa na fitowa tar kamar yana tsaye a bayanta. Ta kashe wayar da kanta, don ta rage masa zunubi.

Tsoro ne ya kama ta, kuma ta san abin da take tsoro. Ba faɗa ba ne, Nasira ba za ta yi faɗa ba. Za ta dawo la'asar ta ga kwalba wayam, ta sunkuyar da kai ta ce, "Ba komai, Inna." Shi ke nan. Wannan ba komai ɗin Yabawa za ta riƙa ci da kowane tuwo har ƙarshen zamanta a gidan, ga shi babu ɗakin da za ta koma a Gamu. Ta leƙa gindin dogon yaro ko da wani abu ya rage. Rairayin Gure ya riga ya shanye, sai tururuwa da suka taru suna biki.

Ta sa uwar a kwano mai murfi da ɗan ruwa, ta naɗe ƙyallen bakin kwalbar a hannu, don har yanzu yana riƙe da ƙamshin, ta yafa mayafi ta nufi kasuwa tana ɗingishi. A ranta ta ce duk abin da ke da tsami a duniya, kasuwa ba za ta rasa danginsa ba.

Tunda abin shayi ne, sai ta fara da Illa mai shayi a bakin tasha. Direbobi uku na kan bencinsa suna tsoma burodi.

"Ina neman tsohon shayi," ta ce bayan gaisuwa.

"Na ɗazu? Bari in ɗumama miki, Inna."

"Na kwana goma."

Illa ya ajiye butar a hankali. Ya dubi direbobin, ya dube ta.

"Inna, wa ya aiko ki? Faɗa mini sunansa. Shekara ashirin ina wurin nan, ban taɓa bari shayina ya kwana ba. Ku shaida ne!"

Don ta wanke kanta sai ta buɗe kwanon. Direban da ke kusa ya leƙa, ya ajiye burodinsa, bai sake ɗauka ba. Na biyu ya ce tozon raƙumi ne. Na uku ya ce shi ya yi Agadas ya yi Diffa bai taɓa ganin wannan ba, amma ko mene ne, a rufe shi. Illa ya roƙe ta don girman Allah ta matsa daga gaban tebur.

Garbai mai kanwa bai ma tsaya jin ƙarshen bayani ba. Ya ɓantaro wani dunƙule ya miƙo mata.

"Jiƙa ta da wannan. Kafin azahar ta miƙe."

"Tsami nake nema, kana ba ni abin kashe tsami?"

"Ai kanwa ta san aikinta, Inna. In ta shiga, ita za ta duba abin da ya rage."

Yabawa ta tabbata ko ce masa ta yi rijiya ta rufta, kanwa zai ba ta. Ta wuce. Mai tsamiya ta jiƙa mata kaɗan a ludayi, ta shinshina ruwan, ta shinshina ƙyallen, ta girgiza kai. Haka ta yi da ruwan zoɓo, haka ta yi da ruwan tsamin mai koko. Mutane suka fara nuna ta da baki, tsohuwa na bin rumfuna tana shinshinar tsumma.

A butikin Mamadu ne aka zo kusa. Ya saurare ta da natsuwa irin ta wanda ya yi lakwal, wato makarantar boko, ya hau kujera ya sauko da wata siririyar kwalba.

"Binegar ke nan. Shi Turawa ke sa wa a salati. Babu abin da ya fi shi tsami a Gure."

Ta shinshina kwalbar, ta shinshina ƙyallen, ta sake komawa kwalbar. Akwai kama, har gabanta ya faɗi. Amma hancin da ya yi shekara arba'in a kan ƙwarya ba a yi masa wayo. Tsamin ƙyallen yana da ɗan zaƙi a bayansa, yana motsi. Na kwalbar tsami ne kawai, a tsaye, babu kowa a ciki. Duk da haka ta saya, ta haɗa da ganyen shayi da sukari, ta soke a ƙarƙashin mayafi. Shawarar Ɗan Talata ta biyo ta kasuwa, kuma gaskiya ita ce ba ta kore ta ba.

Gwiwa ce ta kai ta rumfar masu nono, inda ta san za ta sami Mairamu, tsohuwar ƙawarta 'yar Gidigir. Mairamu ta ji labarin daga farko har ƙarshe, sannan ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, sai da aka bubbuga mata baya.

"Ke? Yabawa ta Gamu? Ke kika zubar da iri?"

"Ki gama dariyar ki ba ni shawara."

"Ga tsala nan in kina so."

"Kin san ba zai yi ba."

"Na sani. Nono da irin nono ake kafa shi, wannan ma sai nasa." Mairamu ta share hawaye da bakin zane, sai kuma ta tsaya cak. "Ke, tsufa ya taɓa miki kai ne? Wace mace ce ke riƙe iri ita kaɗai? Wata nawa yarinyar nan a Gure?"

"Goma sha ɗaya."

"To wa ta ba?"

Yabawa ta ji kamar an sauke mata dami. Haka ne mana. Tun tana yarinya haka ta tarar ana yi: duk mai iri sai ta ɗiba ta ba maƙwabciya, ba don kirki kaɗai ba, don ranar da nata ya mutu ta san ƙofar da za ta buga. Macen da ta rungumo kwalba kwana biyu a mota ba za ta kasa sanin wannan ba. Ko sallama ba ta yi wa Mairamu da kyau ba, ta tare kabu-kabu, ta hau da kwano a cinya, tana ce wa mai babur ya bi a hankali akwai mara lafiya.

Ta fara da gidan da ke manne da nasu. Ummul Kulsum ta shimfiɗa mata tabarma, aka gaisa, aka tambayi gwiwa, sannan Yabawa ta kawo maganar a kaikaice.

"Oho, shayin nan nata? Ta kawo mini, tun farkon zuwansu. A kofi, har da 'yar fatar a ciki. Na ce ta yi haƙuri, maigida ba zai yarda ba. An ce giya ce."

"Wa ya ce?"

"An dai ce."

A gida na biyu matar ta ce ita ta ji labarin abin yana haihuwa ba tare da namiji ba, kuma duk abin da ke haka ba zai kwana a ɗakinta ba. A na uku an ce an karɓa, amma yara sun yi wasa da shi. Na huɗu da na biyar da na shida duk labarin ɗaya ne, sai dai kowace da irin uzurinta. Rana ta take tsaka, gwiwar ta kumbura, Yabawa ta tsallaka zuwa gidan Balkisa, na ƙarshe a layin.

"Ni kam na karɓa, don kunya," in ji Balkisa. "Da ta fita na zuba wa akuya. Akuyar ma shinshinawa ta yi ta juya." Ta yi dariya, sai kuma dariyar ta tsaya mata a rabi. "Baiwar Allah. Daga nan ba ta sake shigowa ba, sai dai gaisuwa a hanya. Mu ma, gaskiya, sai naƙuda ta tashi muke tunawa da ita."

Yabawa ta fito ta zauna a inuwar katanga. Gida bakwai. Yarinyar ta san al'ada sarai, ta bi ta ƙofa-ƙofa da kofinta, an dawo mata da shi sau bakwai. Sai a lokacin wani abu ya faɗo mata. Ranar da aka kawo ta daga Gamu, tana zaune a gajiye, Nasira ta durƙusa gabanta da kofi, wani abu mai kalar shayi a ciki, ta ce, "Inna, ga ɗan abin sha, ni nake yi da kaina." Ita kuwa ko kallon kofin ba ta yi ba, ta ce cikinta ba ya son baƙon abu. Ashe ita ce ta takwas.

Kunya ta rufe ta, tausayi ya biyo baya, kuma tausayin ya fi ciwo. Tun safe kanta take yi wa kuka, wai za ta zauna a gidan da ba ta da fuska. Ba ta taɓa tunanin akwai wadda ta yi wata goma sha ɗaya a garin da ba ta da ƙofar bugawa ba. Ta zaro binegar daga mayafi, ta leƙa gidan Balkisa ta ce ga wannan a sa a salati. Sannan ta kama hanyar asibiti.

A gaban ɗakin haihuwa akwai dogon benci cike da masu ciki. Yabawa ba ta ga wani wurin zama ba, ta matsa tsakanin biyu daga cikinsu, kwano a cinya. Matar da ke karɓar katin awo ta zo kanta ta tsaya.

"Inna, rakiya kika yi ko ke ce mai awon?"

Bencin ya kwashe da dariya.

"Laifi na kawo," in ji Yabawa. "Zan jira mai shi."

Ana kiran azahar Nasira ta fito da farar rigar aiki, ta wanke hannu a famfo, ta zauna a kan dakali can gefe ita kaɗai. Ba ta lura da bencin ba. Ta buɗe jakarta ta fito da 'yar gorar roba. Yabawa ta ƙura ido. Ruwan ciki kalar shayi ne, ya kai rabi. Nasira ta murɗe murfin, gorar ta ce tsss, ta ɗaga ta nufi baki.

Gwiwar da ta yi kwana tara ana shafa mata man zafi ba ta hana komai ba. Masu ciki suka ga tsohuwa ta tsallake tsakar asibiti kamar budurwa.

"Kar ki sha!"

Ta fizge gorar. Ta shinshina bakinta, ta shinshina ƙyallen. Shi ne, babu ko tantama, da ɗan zaƙinsa a baya.

Nasira ta miƙe a firgice. "Inna! Lafiya? Wani abu ya same shi ne?"

"Shi lafiyarsa ƙalau, rezo ne kawai ba shi da shi. Zauna."

Ta buɗe kwanon. Wata mai ciki da ta biyo su don gulma ta leƙa, ta dafe ƙirji ta ce, "Wayyo, mabiyiyar wace ce wannan?" Babu wanda ya kula ta. Yabawa ta faɗi komai, ba ta sa masa gishiri ba, ba ta rage ba. Ita ta buɗe kwalbar, ita ta zubar da ruwan, ta wanke uwar sau uku. Kuma ba don tsabta ta yi ba, niyyarta ta kife kwalbar a tsakar gida don Nasira ta gani ta ji kunya.

Nasira ta leƙa cikin kwanon. Ta sa yatsa ta taɓa gefen uwar.

"Da sabulu?"

"A'a. Saura kaɗan dai."

Yabawa ta sunkuyar da kai tana jiran ba komai. Bai zo ba.

"Shekara uku, Inna," in ji Nasira, idonta ya ciko. "Wallahi na ji zafi. Ita kaɗai na taho da ita daga gida."

Tun da Yabawa ta sauka a Gure, wannan ce magana ta farko da yarinyar ta yi mata wadda ke da wani abu a ciki. Abin mamaki, sai ta ji numfashinta ya daidaita.

"Dole ki ji zafi," in ji Yabawa. "Kin fi ni gaskiya."

Nasira ta share ido da bayan hannu, ta karɓi gorar ta ɗaga ta a rana tana auna abin da ya rage. Ta tsiyaye ruwan kwanon a ƙasa, ta tuttula na gorar a kan uwar a hankali, ta bar ɗan kaɗan a gindi.

"Ba zai ɗauki babbar kwalba ba. Sai mu fara da ƙarama. In ta kama, ta kama."

"Akwai shayi da sukari a nan," in ji Yabawa, ta taɓa mayafinta. Ba ta ga amfanin faɗin dalilin da ya sa ta saye su ba. "An ce tana haihuwa."

"Kowane zubi tana yin 'ya a samanta."

"To in ta haihu ki ba ni 'yar, da ruwanta. Zan ajiye a ɗakina. Ranar da taki ta mutu, ba sai kin je Yamai ba, ki tsallaka tsakar gida ki buga mini ƙofa."

Nasira ta dube ta.

"Inna, ko ɗanɗanawa ba ki taɓa yi ba fa."

"Zuba."

Nasira ta tsiyaya abin da ya rage a murfin gorar ta miƙa mata da hannu biyu. Yabawa ta yi bisimilla ta kurɓa. Idonta ya rufe, hancinta ya tattare, duk wata tamoji da ke fuskarta ta taru wuri guda. Ta haɗiye da ƙyar.

"Yaya, Inna?"

"Babu daɗi ko kaɗan," in ji Yabawa. Ta goge baki da gefen mayafi, ta miƙa murfin. "Kwana nawa ne kafin ta haihu?"